Me ya sa sautin Back in Black ya mutu a wayata?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Kawuna ya bar mini kaset na kundin ƙungiyar mawaƙa ta AC/DC mai suna Back in Black, wanda ya fito a 1980, kuma tun ina yaro na saba da nauyin ƙararrawar da ke buɗe shi. Makon jiya wani mai tura waƙoƙi ya saka mini kundin a memori, amma da na kunna sai na ji ganga ba ta da ƙarfi, jita kuma tana wani shuu kamar ana soya abu a kasko. Shin laifin fayil ɗin ne, ko kuwa kunnena ne ya saba da kaset?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, duba girman abin da aka tura maka. Kundin ya kai kusan minti 42, don haka idan gaba ɗayansa bai wuce MB 40 ba, to MP3 ne mai 128 kbps (kbps shi ne ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa), alhali faifan CD yana ɗauke da 1,411 kbps. Domin a matse waƙa haka, sai an zubar da wani ɓangare na sautin, musamman siraran amo na sama, kuma a kiɗa irin wannan, inda jita biyu da farantan ƙarfen ganga ke aiki lokaci guda, asarar ba ta ɓuya. Nemi FLAC, wato nau'in fayil da ba ya zubar da komai na sauti, wanda aka ciro kai tsaye daga CD, ko aƙalla MP3 mai 320 kbps. Kada kuma wani ya ruɗe ka da mayar da tsohon fayil ɗinka FLAC, domin abin da aka zubar ba ya dawowa, nauyin kawai zai ƙaru.

Hajiyar Zoo Road:
Malam ya yi gaskiya, sai dai akwai saura. An naɗi kundin ne a situdiyon Compass Point da ke Bahamas a ƙarƙashin furodusa Mutt Lange, kuma abin da ake yaba masa shi ne sararin da ya bari tsakanin bugu da bugu. Faifan CD da aka sake gyara sautinsa a 2003 ya fi na shekarun 1980 ƙara, to amma ni a kunnena ƙarar ta cinye wani abu daga wannan sararin. Idan za ka gwada biyun, daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi amo ko da bai fi kyau ba.

Ɗan Fagge:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Na duba, MB 39 ne cif. Na kuma lura cewa ta Bluetooth nake turawa zuwa ƙaramar sifika, wanda na ji an ce shi ma yana sake matse sauti, don haka yau da dare, idan an kawo wuta, zan jona waya da tsohuwar rediyon kawu ta igiya in saurara.