Baba na son ganin Deep Purple kafin ya koma gida: in sayi tikitin hannu ko in haƙura?

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci na ƙure mini. Mahaifina ya zo wajena nan Birmingham ganin likitan ido, da an sallame shi zai koma Kaduna. Shekararsa 72. Tun yana ɗalibi a Zariya yake da faifan Deep Purple, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila, wannan Machine Head na 1972, har yau kwalinsa na cikin akwatin takardunsa. Jikarsa ce ta nuna masa a waya cewa mutanen na nan da ransu, har ma za su yi wasa a nan Ingila kafin ranar tafiyarsa. Bai buɗi baki ya ce in kai shi ba, kun san halin iyayenmu, amma kullum sai ya tambaye ni ko garin da nisa.

Ga inda gizo ke saƙar. Tikitin kujera ya ƙare a wurin masu shirya wasan, na tsaye kaɗai ya rage, shi kuwa gwiwarsa ba ta ɗaukar tsayuwa, salla ma a kan kujera yake yi. Na ga kujeru biyu a hannun masu sake sayarwa a intanet, fam 190 kowace. Ko kuma akwai wasu samari masu kwaikwayon waƙoƙinsu da ke wasa a wani ƙaramin zaure kusa da mu, fam 25, kowa da kujerarsa. Wanda ya taɓa saye a hannun masu sake sayarwa ya gaya mini yadda ta kaya. Sannan yaya ƙarar take ga kunnen dattijo?

Sarkin Jita:
Wa alaikumus salam. Ka sayi na tsaye, ku je da wuri ku kama gaba dab da dandamali. Wanda ya kalli rok daga kujerar baya bai kalli komai ba. Sai ka ji gangar a ƙirjinka tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, ya ce fa Baba a kujera yake salla. Ka karanta tukuna.

Na Fagge:
Fam 190 sau biyu? Ɗan'uwa wannan ai kuɗin ragon layya ne mai ƙaho. Ni tambayata ɗaya: Hajiya ta san inda za a kai mata miji? Ganin likita aka ce mata.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Yarona, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ransa ke so. Ka kai shi wurin na ainihi. A 2025 Black Sabbath suka yi wasan bankwana a Villa Park, nan garinku, ranar 5 ga Yuli. Ranar 22 ga wannan watan mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya mutu. Tom Petty a 2017 mako guda ya yi bayan rufe rangadinsa, shi ma ya tafi. Ian Gillan mai rera wa Deep Purple haifaffen 1945 ne. Waɗannan mutane ba a ce musu sai baɗi.

Amma ka shirya ransa tun daga gida. In don jitar Ritchie Blackmore yake son su, kamar yadda yawancin sa'o'inmu suke, to Blackmore ya bar su tun 1993. Jon Lord mai kaɗa kibod ya rasu a 2012. Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1968 mai ganga Ian Paice kaɗai ya rage. Gillan da Roger Glover a 1969 suka shigo, su ne dai muryar da hannun da ya sani a faifan nan nasa. Uku cikin biyar ke nan, ni a wurina ya isa.

Baƙin Direba:
Kada ka saya a hannun mutanen nan. Na roƙe ka da girman Allah kada ka saya.

Yayana ne ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu. Makaniken manyan motoci ne a Jos, kuma a garejinsa na fara jin kiɗan nan, daga wata rediyo mai kaset da ya ɗaure murfinta da roba. Da na samu zama a Manchester na yi ta tara kuɗin tuƙin dare har na kawo shi ziyara. Akwai ƙungiyar da yake mutuwar so, suka zo gari, tikiti ya ƙare cikin ɗan lokaci. Na shiga wani shafi da ya fito a saman bincike, mai tambari da lambar waya da alƙawarin mayar da kuɗi, na biya fam 460 na mutum biyu. Aka turo mini takarda mai ɗauke da layukan nan da ake haskawa a ƙofa.

Ranar wasan Yaya ya sa shaddarsa fara, ya ɗora jaket a kai saboda sanyi, ya kafa hula. Muka bi layi cikin yayyafi. Turawa tsofaffi masu furfura har kafaɗa suna ta gaishe shi, wani ya tambaye shi daga ina, da ya ce Najeriya mutumin ya rungume shi. Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Muka iso ƙofa, yarinyar ta haska takardata, na'urar ta yi ja. Ta sake, ta sake yin ja. Ta kira babbansu, ya duba ya ce an riga an shiga da wannan lambar tun da aka buɗe ƙofa. Kujera ɗaya suka sayar wa mutane da yawa, wanda ya riga isowa shi ya ci. A gefe na tarar da wata mata da mijinta riƙe da lambar kujera irin tawa sak.

Muka tsaya a bakin titi. Ana jiyo gangar ta bango, ƙasa na ɗan girgiza. Yaya ya jingina da ƙarfen shinge ya saurari waƙa biyu a haka, yana kaɗa yatsa a kan ƙarfen, sannan ya ce mu tafi kada in makara aiki. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Lambar wayar shafin kuwa ba wanda ya taɓa ɗauka. Bayan wata da watanni banki ya dawo mini da wani abu daga ciki, sauran ya bi ruwa. Yaya ya rasu shekarar da ta biyo baya. Kuɗin ba su dame ni ba, tsayuwar nan tasa a bakin shinge ita ce ba ta barina barci in na tuna.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa aljanna makoma. Allah ya isa tsakaninka da su.

Ɗan Unguwar Rimi:
Allah ya gafarta masa, Yaya Direba. Jikina ya yi sanyi. Da wane irin kati ka biya?

Baƙin Direba:
Da katin da kuɗina ke ciki. Ma'aikaciyar banki ta ce da na katin bashi ne da doka ta fi kare ni, tunda abin ya haura fam 100. Amma ko an dawo maka da kowane kwabo, wa zai dawo maka da daren?

Ɗan Boko Leeds:
Allah ya jiƙansa, amma a yi adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wuraren da masoya ke mayar da tikitinsu a kan farashin da suka saya, kuma ana canza sunan zuwa naka a cikin manhaja, tsohuwar lambar ta mutu. Ni a haka na ga Deep Purple ɗin nan, fam 70 na biya, kujera mai kyau a gefe. Fam 190 cuta ce tsagwaronta.

Sarkin Jita:
Fam 70 a ina? Ni 115 na biya kuma a tsaye nake. Sai dai in bayan ginshiƙi aka ajiye ka.

Hajiyar Bradford:
Maigidana 95 ya biya, da aka zo ƙarshe aka lafta masa kuɗin hidima da kuɗin wuri da kuɗin turo tikitin da ba a buga a takarda ba, ya tashi kusan 110. Saboda haka kowa ya faɗi farashi ya faɗa mana na farko yake nufi ko na ƙarshe.

Ɗana, ka buga wa zauren waya kai tsaye ka ce kana da dattijo mai ciwon gwiwa. Suna ware wuri na masu lalura wanda ba ya fitowa a inda kowa ke saye, wasu wuraren har mai rakiya suke bari ya shiga kyauta. Za su nemi shaida, ka tanadi takardar likita.

Na Fagge:
Takardar likitan ido ce da shi Hajiya. Sai a ce gwiwar ce ba ta gani.

Abu Sumayya:
Ni dai nasiha zan yi. Mutum mai shekara 72 Umara ta fi dacewa da shi da wurin kiɗa da giya. Ka ji tsoron Allah a kan mahaifinka.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Malam mun ji nasiha, Allah ya saka. Dattijon ya san Ubangijinsa tun kafin a haifi yawancinmu, ba kuma fatawa yaron ya nema ba. Maganar kunne: littafin Guinness ya taɓa sa Deep Purple a matsayin waɗanda suka fi kowa ƙara, bayan wasansu na 1972 a Rainbow Theatre da ke Landan. Yanzu ba haka abin yake ba, amma ka saya masa abin toshe kunne a kantin magani.

Ɗan Boko Leeds:
Baba da girmanka, ka taɓa shiga ɗaya daga cikin zaurukan nan? Domin na lura masu ba da shawara da ƙarfi daga Kaduna da Kano suke bugowa. Sanin shekarar faifai daban, sanin yadda ƙofa ke aiki a yau daban.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ban taɓa taka Ingila ba, yaro. Amma lokacin da nake ɗora allura a kan faifan nan mahaifinka bai yi kaciya ba. Kai ka san ƙofa, ni na san abin da dattijon zai je nema a bayanta.

Baƙin Direba:
Ni da na tsaya a ƙofar aka kore ni fa? Shawarata ba ta shiga lissafi? Manhajar ma da kake yabo, in wayarka ta mutu a layi shi ke nan. Da can takarda ce a hannunka, ka ajiye guntunta har jikoki su gani.

Mai Shayi Sabon Gari:
Ku yi haƙuri, amma duk wannan rigima a kan masu waƙa ɗaya? Ban da Smoke on the Water me suka yi? Ya kai shi wurin yaran fam 25 su kaɗa masa ita sau uku.

Sarkin Jita:
Kai! Janye maganarka. Hush ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka tun 1968, Black Night ta kai ta 2 a Ingila a 1970. Ita kanta wadda ka ambata labarin gaske ce, gobarar gidan caca na Montreux a Suwizalan a Disambar 1971, ana tsakiyar wasan Frank Zappa, su kuma suna kallon hayaƙin ya kwanta a kan tafki. In mai waƙa ɗaya kake nema ga Norman Greenbaum can.

Hajiyar Bradford:
Masu waƙa ɗaya tausayi suke ba ni. An taɓa kawo wasu wani bikin bazara a nan kusa da mu, ba zan faɗi suna ba. Suka yi ta kaɗa sababbin waƙoƙi mutane na cin dankali suna hira. Da suka taɓa waccan guda ɗayar fili ya ruɗe, kowa ya ɗaga waya. Tana ƙarewa aka fara naɗe tabarma. Ina kallon mai gangar, dattijo ne, yana bin bayan mutane da ido yana ci gaba da kiɗa, saura waƙa biyu a takardarsu.

Ɗan Agadas:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan Dire Straits ne a bakin tsofaffinmu. Bombino, mai jitar nan namu na Nijar, da kansa ya sha faɗin cewa bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits ya yi ta kallo yana koyon jita. Dire Straits kuwa tun 1992 ba su sake yin rangadi ba, duk mai sonsu sai dai ya haƙura da kaset. Wanda nasa gwanayen ke hawa dandamali har yanzu ya gode wa Allah. Amma abin da ya tsaya mini a rai kwalin faifan nan ne da ka ce yana akwati. Ku riƙe shi da kyau. Na kawuna 'ya'yansa suka zubar da aka tashi gyaran ɗaki.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ka taɓo mini inda ke ciwo. Ina da Ofege, yaran makarantar St. Gregory's ta Legas da suka fitar da Try and Love a 1973, ina da BLO, ina da Funkees. Rok ne namu na gida, a zamanin da Ginger Baker ya zauna a Legas, Paul McCartney ma ya zo can ya naɗi faifai a 1973. Ina kwance asibiti yara suka kira ɗan gwangwan ya kwashe kwali uku, wai suna tara ƙura da kyankyasai. Da na dawo aka miƙo mini kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba.

Ɗan Boko Leeds:
Irin waɗannan faifan yanzu a nan sai mai hali. Na ga na Najeriya na shekarun 1970 a wani shago an rataye shi a bango cikin leda, ɗaruruwan fam. Dillalai ne suka bi kasuwanni da gidaje suka tsince su a banza.

Baƙin Direba:
Su ne dai 'yan bumburutun, kaya kawai suka canza.

Mai Shayi Sabon Gari:
A'a, nan kam ban yarda ba. Wanda ya saya ya adana ya fi wanda ya bar shi a rana ya lanƙwashe. Mu muka wulaƙanta kayanmu. Gidajen rediyonmu nawa ne suka riƙe ɗakin faifansu?

Ɗan Unguwar Rimi:
Jama'a kujerun sun koma fam 210 tun da muka fara maganar nan. Na buga wa zauren, layi a cike. Hajiya, wace irin shaida suka karɓa a wurinku?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Mai Shayi, kada ka sa ni magana a kan ɗakin faifai. Da idona na ga an fito da su tsakar gida lokacin da aka koma kaset, damina ta sauka a kansu, masu gadi suna ɗiba suna rufe tulu da su. Akwai naɗin makaɗan gargajiya a ciki da babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Ɗan Agadas, ku a can an riƙe na gidan rediyonku, ko ku ma haka aka yi?