Fim ɗin Faransa mai sanyi, wa ke da shawara?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman fim ɗin Faransa mai sanyi na soyayya da iyali, wanda ba harbe-harbe ba hayaniya, na gaji da masu tashin hankali wallahi.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Nemi Amour na 2012, daraktan Michael Haneke ɗan Ostiriya ne amma da Faransanci aka yi shi a Paris. Tsoho ne da matarsa, malaman kiɗa da suka yi ritaya, ta samu shanyewar ɓarin jiki shi kuma ya ɗauki jinyarta a gida saboda ta sa shi ya yi alƙawari ba zai sake mayar da ita asibiti ba. Fim ɗin ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, ya kuma ci Oscar na fim ɗin harshen waje a 2013.

Anti Bilki: Malam ka faɗi kyaututtuka ba ka faɗa mata nauyinsa ba. Masu sharhi sun yi ta yabo amma su ba su ce a kalla da dare ba ai, ni na kalla lokacin ina jinyar mahaifiyata, inda mijin yake ba matar abinci da cokali tana kawar da kai sai da na kashe na fita tsakar gida na sha iska, awa biyu da wani abu kusan duk a gida ɗaya kuma shiru ya yi yawa. Ƙarshensa kam har yau ban yarda da abin da mijin ya yi ba.

Baban Sadik: Gaskiya ne Anti, ko masu sharhin wasu sun ce Haneke ba shi da tausayin mai kallo. Amma Emmanuelle Riva, wadda ta fito a matsayin matar, ta yi wasa, tana da shekara 85 aka sa ta takarar Oscar.

Ummi K: Yaya Maman Ilham ki fara da Petite Maman na darakta Céline Sciamma, 2021, minti 72 ne kacal. Yarinya 'yar shekara 8 kakarta ta rasu, sai ta haɗu da wata sa'arta a dajin da ke bayan gidan kakar, ba zan faɗa miki ko wace ce ba. Yaran biyu tagwaye ne a zahiri.

Maman Ilham: To Ummi naki zan fara, Amour sai ranar da na ji ƙarfin zuciya. Akwai mai rubutun fassara a ƙasa? Faransancina bai wuce bonjour ba.