Bauchar karatu a Amurka: aljihun wa kuɗin yake faɗawa?

Mai_Bibiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ana ta cece-ku-ce a Amurka kan bauchar karatu, wato gwamnatin jiha ta ba iyaye kuɗi su kai ɗansu makarantar kuɗi. Magoya bayan tsarin suna cewa ai kuɗin yaron ne, duk inda ya je ya bi shi, gwamnati ba ta ƙara ko sisi ba. To in haka ne, kukan me makarantun gwamnati suke yi? Masana a warware mana.

Malam_Kasafi:
Wa alaikumus salam. A takarda lissafin ya fita, amma wuri biyu yake yoyo.

A ce aji mai yara 25 ya rasa biyu. Kason yaran nan ya tafi, amma albashin malami bai ragu ba, motar ɗaukar yara tana bin hanyarta, ɗumama ginin da sanyi yana nan. Sai yara sun fita da yawa har an haɗe azuzuwa kafin a ga sauƙi, kuma a ƙauye da wuya hakan ta yiwu.

Na biyun ya fi nauyi. Jihar Arizona ta buɗe tsarinta ga kowa a 2022, mai kuɗi da talaka. Tana zuba kashi 90 cikin ɗari na kason da jihar kan kashe wa yaro, wajen dala 7,000 a shekara, cikin asusun iyaye. Mafi yawan waɗanda suka fara nema 'ya'yansu dama ba sa makarantar gwamnati. Iyayen ne ke biya daga aljihunsu. Kun ga wannan ba kuɗi ne ya bi yaro ba, sabon nauyi ne aka ɗora wa baitulmali, shi ya sa abin da aka kashe ya zarce kiyasin farko nesa ba kusa ba.

Malama_Nazari:
Malam ya yi bayanin kuɗi, ni zan taɓa karatun. Kada a yi wa tsare-tsaren kuɗin goro. Na birnin Milwaukee da ya fara a 1990 ƙarami ne, na 'ya'yan talakawa kaɗai. A birnin Washinton jarabawa ba ta nuna wani babban bambanci ba, sai dai masu baucha sun fi kammala sakandare. A jihar Luwiziyana kuwa makin lissafinsu ya faɗi warwas a shekarun farko.

Dalilin da manazarta da dama suka kawo abin lura ne. Jihar ta ce duk makarantar da ta shiga ba za ta tace ɗalibai ba, za ta karɓi bauchar a matsayin cikakken kuɗi, kuma yaran za su zauna jarabawar jiha. Yawancin makarantun kuɗi suka ƙi. Da dama cikin waɗanda suka amsa dama ɗalibai na gudunsu. Ka tsaurara sharaɗi nagari su noƙe, ka sassauta ka kasa sanin me ake koyarwa da kuɗin jama'a. Nan gizo ke saƙar.

Mai_Bibiya:
Na gode Malama. To makarantun addini fa, doka ta yarda?

Baban_Shari'a:
Ta yarda. Kotun Ƙoli ta amince da tsarin birnin Cleveland a 2002, alƙalai 5 da 4, bisa hujjar cewa iyaye ne ke zaɓa ba gwamnati ba. A 2022, a shari'ar jihar Maine, kotun ta ce jihar da ke ba da tallafin ba za ta ware makaranta don tana koyar da addini ba.

Ni abin da nake fara dubawa a kowace dokar baucha shi ne ko an bar makaranta ta karɓi ciko daga iyaye. In an bari, sai ta ƙara kuɗinta, talaka ya riƙe takarda ba wurin zuwa. Ƙasar Chile ta fara nata tsarin a 1981, ciko da tace ɗalibai suka raba yara gida-gida bisa ƙarfin aljihu. Sai a 2008 aka ƙara wa ɗan talaka kaso, a 2015 kuma aka yi dokar janye ciko da tacewa da cin riba a makarantun da ke karɓar tallafi. A duba batun yara masu naƙasa ma: a Amurka, da zarar yaron ya koma makarantar kuɗi da baucha, yawancin haƙƙoƙin da dokar tarayya ta ba shi a makarantar gwamnati ba sa binsa.