Masaukin gado da haƙƙin baƙo: me ya taɓa faruwa da ku?

Mai tambaya, daga Zariya:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mana masauki mai ɗaki goma sha biyu a wajen Samaru, wanda yawancin baƙinsa iyayen ɗalibai ne da masu zuwa taro a jami'a, kuma ni da ƙanina da mahaifiyarmu muke riƙe da shi. A watan jiya wani dattijo da ya sauka wurinmu ya zame a banɗaki, saboda tayil ɗin da muka sa mai santsi ne, ya karye a ƙugu. Mu muka kai shi asibiti, mu muka biya kuɗin hoto da na aiki, kuma Allah ya haɗa mu da 'ya'yansa mutanen kirki, ba su kai mu ko'ina ba. Duk da haka abin ya cinye mana cinikin kusan wata uku. Da na buɗe akwatin takardun Baba, sai na tarar inshorar gobara ta gini kaɗai ya taɓa yi, ita ma ta ƙare tun yana raye, kuma babu layi ɗaya a cikinta da ya shafi baƙo. Ina roƙon duk mai masauki ko gidan abinci na iyali ya faɗa mini abin da ya same shi da kansa da yadda ya ƙare.

Alhaji, daga Fagge, Kano:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba dattijon lafiya. Ni gobara ce ta koya mini karatu, kuma ina da inshora a lokacin, shi ya sa nake so ki saurare ni da kyau. Wata rana da asuba a 2024 aka kawo wuta da ƙarfi, wayar da ke cikin silin ta ɗakunan sama ta kama, kafin 'yan kwana-kwana su iso ɗaki huɗu da rufinsu sun tafi. Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Hankalina a kwance yake saboda ban taɓa fashin biya ba, sai da mai tantance asara ya zo da awonsa ya zaunar da ni ya yi mini lissafi a bayan ambulan. Na yi wa ginin inshora a kan naira miliyan 20 tun 2018, kuma kowace shekara wannan adadin nake sabuntawa don kuɗin da zan biya ya yi sauƙi, alhali buhun simintin da na saya ƙasa da naira 3,000 lokacin gini ya riga ya haura 7,000. Ya ce sake gina gidan a ranar zai ci miliyan 60, wato kashi ɗaya cikin uku na gidan kaɗai na yi wa inshora, sauran kashi biyun ni na ɗaukar wa kaina. Saboda haka asarar miliyan 15 da aka tabbatar, miliyan 5 ce rabona, aka kuma cire ɗan abin da takarda ta ce mai gida ne zai fara ɗauka. Na yi fushi ƙwarai, amma da ɗana ya karanta mini takardar, sharaɗin yana nan a rubuce, ni ne ban taɓa karantawa ba. Yanzu duk shekara sai na kira maginin da na yarda da shi ya ƙiyasta mini kuɗin sake gini kafin in sabunta, kuma na sa an sake wayar gidan gaba ɗaya.

Hajiya, mai gidan abinci a Katsina:

Ƙanwata, ni abin da ya fi taɓa ni a wannan sana'a shi ne yaran gida da muke sawa aiki ba tare da mun ɗauke su a matsayin ma'aikata ba. 'Yar ƙanwar maigidana ce take taimaka mini a kicin, tiyon tukunyar gas ya tsage ba mu lura ba, ta ƙyasta ashana, wuta ta lashe mata hannuwa da gefen fuska. Wata biyu muka yi muna jinya. Kuɗin magani bai dame ni kamar kallon da uwarta ta yi mini a bakin gadon asibiti ba, kuma har yau zumuncin bai koma yadda yake ba. Daga baya ne wani ɗan uwa ma'aikacin gwamnati ya sanar da ni cewa akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda a ƙarƙashinta mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, domin irin wannan rana. Ni kuwa ko sunan yarinyar ban taɓa rubutawa a littafin albashi ba, tunda ta gida ce. Yanzu kowa yana cikin littafi, har ɗan cikina, tukwanen gas kuma na fitar da su waje cikin keji, ana canza tiyo ko bai nuna alamar lalacewa ba.

Malam, daga Gusau:

Baiwar Allah, namu na dukiyar baƙo ne. Wani ɗan kasuwa ya kwana biyu wurinmu, ya ce an ɗauke masa kuɗi da waya a ɗaki yana masallaci. Mun rataye allo a bakin ƙofa cewa ba mu da alhakin kayan da ba a ba mu ajiya ba, amma da aka bincika sai aka ga makullin ɗakinsa yana buɗe wasu ɗakuna biyu, mabuɗan kuma a rataye suke inda kowa zai iya miƙa hannu. Malamanmu sun karantar da mu cewa mai riƙon ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci, kuma ni da kaina na san wannan sakaci ne, don haka muka biya rabi a gaban mai unguwa. Mahaifina ya daɗe yana ƙin inshora saboda shubuhar riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki, abin da ya sassauto da shi shi ne takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013: gudummawa ake zubawa a asusu ɗaya don taimakon wanda abu ya samu, in an sami rara a ƙarshen shekara a raba wa mahalarta bisa sharaɗi. Da shi muke aiki yanzu, tare da littafin ajiya da baƙo ke sa hannu a ciki.

Wata 'yar uwa, daga Maiduguri:

Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya kai mana har taga, katifu da janareta da firji duk suka lalace. Takardarmu ta gobara ce zalla, ba mu nemi a ƙara ambaliya a ciki ba saboda ba mu taɓa zaton ruwa zai iso unguwarmu ba, don haka ko kwabo ba mu samu ba.

Tsohon dillalin inshora, daga Kaduna:

'Yata, abin da ya sami dattijon nan yana da irin tasa inshorar, wato ta alhakin mai wuri a kan mutanen da ke shiga wurinsa, kuma ita ce masu ƙananan masaukai suka fi mantawa da ita, alhali ita ce ba a san iyakar abin da za ta ci ba. Gini kin san kuɗinsa, amma ba ki san abin da kotu za ta yanke ba in baƙo ya naƙasa ko ya rasu. Sashe na 65 na dokar inshora ta 2003 ya wajabta ta a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, kuma a watan Agustan 2025 an sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin waccan, don haka ki sa a nuna miki abin da ake buƙata yanzu a rubuce. A shekarun da na yi ina wannan aiki na ga mutane da yawa sun karɓi takarda da alƙawarin za su biya daga baya, abu ya faru, suka tarar ba su da komai, domin ƙa'idar ita ce sai kuɗi ya shiga kariya take farawa. Ki tabbatar kamfanin da dillalin suna da lasisin NAICOM, ki karɓi rasit da sunan kamfani. Ki kuma faɗi gaskiyar komai a fom, har man janareta da kuke ajiyewa da bukukuwan da ake yi a harabar gidan, domin abin da aka ɓoye shi ake kafa hujja da shi ranar biya.

Mai tambaya, daga Zariya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun riga mun fasa tayil ɗin banɗakuna shida, mun sa ƙarfen dafawa a bango, sauran sai ƙarshen wata. Baba na Kaduna, saura abu ɗaya: ba a raba gado ba tukuna, takardar fili tana da sunan marigayi, mu magada tara ne. Da sunan wa za a yi inshorar?

Tsohon dillalin inshora, daga Kaduna:

Kada ki yi ta da sunan marigayi, kada kuma ki yi da sunanki ke kaɗai ba da sanin sauran ba, domin ranar biya za a tambayi wane ne mai haƙƙi a kan ginin. Ku zauna ku tara ɗin ku wakilta mutum ɗaya ko biyu a rubuce, ku nemi takardar kotu da ke tabbatar da magada, sannan ki kai wa kamfanin kwafinta tare da rijistar sunan kasuwancin, in kuna da ita, a rubuta a takardar cewa a madadin magada aka yi. Ki fara da ta alhakin baƙi a wannan makon, tunda gobe ma wani zai kwana a gidan.