Wai me ya hana Turawa cinye Japan kamar yadda suka cinye mu?

Ɗan Ƙofar Ruwa:

Assalamu alaikum. Jama'a a raba mana gardama. Ni kayan gyaran mota nake sayarwa, shekarata 14 a kai, kuma rabin abin da ke shagona daga jikin Toyota da Honda aka kwanto shi. Jiya bayan la'asar kasuwa ta yi sanyi, muna zaune a bakin shago, sai maƙwabcina ya ce wai Japanawa ba su da ko allura sai bayan da Amurka ta jefa musu bam, ita ta gina su don ta wanke laifinta. Na ce ban yarda ba, wanda ya ƙera jirgin da ya kai wa Amurka hari har gida ai ba a ce masa ba shi da allura. Sai wani dattijo ya sako baki, ya ce shi abin da ke ɗaure masa kai daban ne: Turawa sun ci Indiya, sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun yi wa Sin kaca-kaca, amma Japan da ba ta kai rabin Najeriya girma ba ta sha. Nan kowa ya yi tsit. Wa zai warware mana?

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam. A gardamar farko kai ne da gaskiya. A 1905, shekara biyu kacal da faɗuwar Sakkwato, Japan ta nutsar da rundunar jiragen ruwan Rasha a mashigin Tsushima. Shekara 40 ke nan kafin a jefa bam ɗin a Hiroshima. Gaskiya ne manyan jiragen nata a Ingila ta sayo su, amma 'ya'yanta ne suka tuƙa, su suka harba.

Tambayar Baba kuwa ta fi tsawo. Tun 1603 mulki yana hannun gidan Tokugawa. Sarki yana Kyoto da suna da alfarma, amma takobi yana hannun shogun, wato babban sarkin yaƙi, a Edo, garin da yau ake kira Tokyo. Su ne suka rufe ƙofa: suka hana Kiristanci, suka kori 'yan Fotugal a 1639, ɗan ƙasa kuma in ya fita waje ya dawo, kisa ne hukuncinsa. Sai dai sun bar wa Turawa taga ɗaya, wani ɗan tsibiri da aka cike teku aka yi a Nagasaki mai suna Dejima, inda aka killace 'yan kasuwar Holan. Ta wannan tagar littattafai ke shigowa, ta nan kuma labarin duniya ke zuwa wa shogun a rubuce. Don haka lokacin da Ingila ta lallasa Sin a yaƙin ofiyam tsakanin 1839 da 1842, sun ji komai. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, suka fara neman ruwa.

Da Perry, kwamandan sojan ruwan Amurka, ya iso a 1853 da jiragen yaƙi huɗu, ba su yi wautar tararsa da takobi ba. Suka sa hannu, suka haɗiye wulaƙancin. Yarjejeniyar 1858 ta hana kotunansu hukunta Bature, ta hana su yanke kuɗin fito yadda suke so, kuma sai 1911 suka gama kwance ta. Masu zafin kai a cikinsu sun gwada ƙarfi, jiragen Ingila suka yi wa garin Kagoshima da ke kudancin ƙasar ruwan wuta a 1863. Abin mamaki, mutanen Kagoshiman ne suka juya suka kama koyo wurin wanda ya ƙone su, kuma suna cikin waɗanda suka tumɓuke shogun a 1868 suka kafa sabuwar gwamnati da sunan Sarki Meiji. Daga nan gudu ne. An rushe masarautun yankuna a 1871. A shekarar ne wasu daga cikin jiga-jigan gwamnati suka bar kujerunsu suka yi kusan shekara biyu suna zaga Amurka da Turai, suna leƙa masana'antu da makarantu da kotuna. A 1872 jirgin ƙasa ya tashi tsakanin Tokyo da Yokohama, aka kuma kafa dokar makaranta ga kowane yaro. Sa'a ma ta taimaka: Ingila tana fama da boren Indiya na 1857, Amurka ta faɗa yaƙin basasa a 1861, sannan Sin ta fi maiƙo, a can idon kowa yake.

Malamin Gona:

Allah ya ƙara basira, Malam. Ni ban karanci tarihi ba, malamin gona ne, amma an taɓa tura ni kwas na noman shinkafa a Tsukuba, arewa da Tokyo, na yi wata takwas. Bari in ƙara abin da idona ya gani, don ina ganin amsar tana cikin laka tun kafin ta shiga ofis.

Ƙasar duwatsu ce. Kashi biyu cikin uku daji ne a kan tuddai, abin nomawa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba. Mutum sama da miliyan 120 da gidajensu da masana'antunsu da gonakinsu duk a ɗan filin da ya rage suke cushe. Za ka ga gonar shinkafa ta dangane da katangar kanti.

An haɗa ni da wani tsohon manomi, shekararsa 74. Wata Lahadi a watan Afrilu, kafin a sako ruwa, ya ce in zo ƙarfe bakwai za a yi yasar magudanar ruwa. Ni da na saba, na ɗauka bakwai ɗin mu ce. Na iso da minti goma a kai, na tarar har sun ci rabin layi, tsofaffi maza da mata cikin takalman roba, kowane gida ya turo mutum ɗaya, gidan da bai turo ba tara zai biya. Ba wanda ya ce mini uffan. Tsohon ya miƙo mini shebur, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ci gaba da aikinsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai da yamma na ji ashe shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri a kan lattina, tunda baƙonsa ne.

Daga baya na gane dalili. Ruwan shinkafa daga gonar na sama yake gangarowa ta ƙasa. In na sama ya toshe, na ƙasa ya mutu, in ɗaya ya ƙi yasa, kowa ya sha. Shekaru ɗaruruwa suna haka. A zamanin Tokugawa da shinkafa ake biyan haraji, da ita ake auna girman basarake, da wani ma'auni da suke kira koku, kimanin lita 180, abincin mutum ɗaya na shekara. Kuma ba mutum ake ɗora wa harajin ba, ƙauye ake ɗora wa, a haɗa gidaje biyar-biyar, in ɗaya ya gaza sauran su cike. Suna da gayya irin tamu, yui suke ce mata, ta dashe da rufin ɗaki. Wanda ya saɓa wa gari kuma a ƙaurace masa, ba mai kula shi sai in gobara ta kama gidansa ko an yi masa mutuwa. Tunda haraji sai da lissafi a rubuce, dole dagaci ya iya karatu, yaran talakawa kuma suna zuwa terakoya, wadda in ka ji bayaninta sai ka tuna makarantar allo, sai dai su har da ƙidaya ake koya musu. To dokar 1872 da Malam ya ambata ba a kan fako ta faɗi ba. Kuma kuɗin layin dogo da bindigogin nan, yawancinsu daga harajin gona aka tatso, manomi ne ya ji a jikinsa.

A fadamar da nake aiki yanzu, da daddare na sama ke zuwa ya toshe ruwa da buhun yashi, da safe a tashi da sanduna. Sau nawa na kira yasa mutum shida suka zo, uku a cikinsu kallo suka zo yi.

Amma Alhaji, ka ba maƙwabcinka haƙƙinsa, yana da ƙamshin gaskiya. Bayan 1945, a ƙarƙashin mamayar Amurka aka karɓe gonaki daga manyan masu ƙasa aka sayar wa masu noman haya da arha. Toyotar da kake ci da ita ma a 1950 ta kusa durƙushewa, ga yajin aiki ga bashi, sai yaƙin Koriya ya ɓarke, sojan Amurka suka yi odar manyan motoci, ta farfaɗo.

Abin da ya tsaya mini a rai dai shi ne ban ga matashi ko ɗaya a yasar nan ba. 'Ya'yan tsohon suna Tokyo, ba mai niyyar dawowa. A layinsu gida uku a rufe suke, ciyawa ta cinye ƙofa, gonakin da ke gindin dutse kuma an zagaye su da wayar lantarki saboda aladen daji. Kullum ƙarfe biyar na yamma lasifikar gari takan saki wani ɗan kiɗa, na gwajin na'urar gargaɗin bala'i ne, kuma shi ke gaya wa yara su koma gida. Kiɗan zai yi ta tashi a kan gonaki, ba yaron da za ka gani yana gudu.

Maman Ilham:

Sannunku da ƙoƙari, amma na ga ana ta shafa musu mai. Malam, ka tsaya a 1905 kamar nan labarin ya ƙare. Japan ba tsira kawai ta yi ba, ita ma Baturiya ta koma. Ta karɓe Taiwan a 1895, ta haɗiye Koriya a 1910 ta riƙe har 1945, ta shiga Manchuriya a 1931, abin da sojojinta suka yi a birnin Nanjing na Sin a 1937 kuwa ba ya faɗuwa, balle matan da aka tilasta wa zama a sansanonin soja. Ko a girgizar ƙasar 1923 da ta kashe sama da mutum 100,000 a Tokyo da Yokohama, jita-jita aka baza wai Koriyawa na zuba guba a rijiyoyi, aka bi su ana kashewa. A cikin gida ma akwai jikokin mahauta da majema da aka daɗe ana ƙyamar aurensu, ga ƙabilar Ainu ta tsibirin Hokkaido da sai 2019 doka ta amince su ne 'yan asalin wurin.

Malamin Gona, wannan shirun da ya fi maka zagi ciwo, kai wata takwas ka yi ka dawo. Ka tuna wanda zai rayu a cikinsa har ya mutu. Mutanen da sai da suka ƙirƙiro kalma, karoshi, don wanda aiki ya kashe. A 2023 haihuwarsu ba ta kai 800,000 ba, mutuwa ta haura miliyan ɗaya da rabi, gidajen da ba kowa a ciki sun kai miliyan 9. Ni dai a bar ni da hayaniyar gidan suna.

Ɗan Ƙofar Ruwa:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na karanta musu a majalisa, maƙwabcin nawa duk bai ji komai ba sai zancen Toyota da 1950, tun ɗazu yake cewa ai ya faɗa. Baba kuma ya ce a gaida Hajiya, ita ta burge shi. Malamin Gona, tambaya ta ƙarshe, me ka riƙa ci a can?

Malamin Gona:

Shinkafa da kifi da ƙwai, Alhaji, har na gaji. Na sa an rubuta mini alamar naman alade da ta giyar girki a 'yar takarda, ina yawo da ita a kanti ina gwadawa da jikin kowane ƙunshi. Farin magi dai ban yi kewarsa ba, Ajinomoto nasu ne tun 1909. Kilishin da na ɗauko a filin jirgi aka karɓe, ashe an hana shiga da nama, laifina ne ban tambaya ba. Abin da ya tsira kantun riɗi ne da uwargida ta yi mini. Su ma mutanen tsaraba ne kamar mu, don haka na kai wa tsohon. Matarsa ta buɗe leda ta shinshina, sai ta hau cewa "goma, goma". Na ce a raina ikon Allah, tsohuwa ta iya Hausa, kuma har ta san adadin da take so. Na ƙirga guda goma na miƙa mata. Sai da tafinta ya gama dariya ya gaya mini goma sunan riɗi ne da yarensu, kuma kusan duk wanda suke ci daga waje ake kawo musu, har da na Najeriya.