Ɗan yayata ya kamu da sanƙarau bayan ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yana

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku, musamman masu aikin lafiya da ke cikinmu. Ɗan yayata mai shekara 6 ya yi mako guda a wurina, yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yana biyu, mai shekara 7 da mai shekara 4. Shekaranjiya da yamma ya ce kansa na ciwo, jikinsa kuma ya yi zafi, sai na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, na ba shi farasitamol ya kwanta. Kafin gari ya waye ya yi amai sau uku, yana rufe ido yana kuka idan an kunna fitila, da na zo ɗago kansa in ba shi ruwa kuwa sai ya ƙwalla ƙara, wuyan ya sandare ya ƙi lanƙwasuwa. Muka garzaya asibiti, aka ɗebi ruwa ta gadon bayansa, likita ya ce sanƙarau ne na bakteriya, aka fara yi masa allurai ta jijiya. Yanzu mahaifiyarsa ce ke jinyarsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne 'ya'yana. Har yanzu lafiyarsu ƙalau, amma ban san ko sun riga sun ɗauka ba, ni kuma ina ɗauke da cikin wata biyar. Akwai ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa da aka rubuta wa ƙaramin kwanakin baya, wata maƙwabciyata ta ce in raba musu shi. Shin in ba su, ko in jira in ga abin da zai biyo baya?

Wata ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Kada ki ba su ragowar maganin nan, kuma kada ki zauna jira. Yau ɗin nan ki koma wurin likitan da ke duba yaron, ki gaya masa cewa 'ya'yanki sun kwana ɗaki ɗaya da shi har kwana bakwai, ki gaya masa kina da ciki, sannan ki tambaye shi wace ƙwayar cuta gwajin ya nuna ko suke zargi. Wannan tambayar ita ce kan gaba, domin sanƙarau sunan ciwo ne, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, amma ƙwayoyin da ke haddasa shi daban-daban ne. A yaran da suka wuce jarirantaka guda uku suka fi yawa: meningokokas, da numokokas wadda ita ce kuma ke kawo ciwon huhu na nimoniya, da wadda ake kira Hib. Idan numokokas ce, ba a saba ba mutanen gida maganin kariya ba. Idan meningokokas ce, duk wanda ya zauna gida ɗaya da majinyacin a kwana bakwai kafin ciwon ya bayyana ana ba shi magani, kuma an fi so a sha shi cikin awa 24 da gano ciwon, domin a kwanakin farko haɗarin ya fi girma.

Magungunan da ake bayarwa sanannu ne: ciprofloxacin sha ɗaya, ko rifampicin na kwana biyu, ko allurar ceftriaxone guda ɗaya, wadda likitoci da yawa ke zaɓa wa mai ciki. Aikinsu shi ne kawar da ƙwayar daga hanci da maƙogwaro kafin ta samu hanyar shiga jini. Maganin ruwan da ke hannunki, idan irin su amoxicillin ne, ba ya share ƙwayar daga maƙogwaro yadda ake buƙata, ga shi an jiƙa shi tun kwanakin baya ƙarfinsa ya ragu. Illarsa mafi girma kuma ita ce, idan yaro ya sha rabi da rabi sannan ya kwanta ciwo, gwajin da za a yi masa zai iya fitowa babu komai, likita ya rasa sanin ƙwayar da yake yaƙi da ita.

Wani dattijo ya ce:

'Yata, ki kwantar da hankalinki. A iya saninmu zafi ne ke kawo sanƙarau, shi ya sa yake zuwa lokacin rani. Ki buɗe tagogi, ki rage yawan masu kwana a ɗaki ɗaya, da yardar Allah babu abin da zai same su.

Wani mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya amsa:

Baba ya faɗi rabin gaskiya, amma da izininsa zan ƙarasa, domin idan aka tsaya a nan za a yi sake. Zafi ba ya haifar da ciwon, ƙwayar cuta ce ke haifar da shi. Abin da rani ke yi shi ne, busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki kuma yana sauƙaƙa wa ƙwayar tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa da yawu. Shi ya sa annobarsa ta fi tsanani a jerin ƙasashen da suka taso daga Senegal zuwa Habasha, inda a 1996 da 1997 fiye da mutum 250,000 suka kamu, kusan 25,000 suka rasu. Saboda haka shawarar buɗe tagogi da rage cunkoso daidai ce, sai dai ba za ta cire ƙwayar da ta riga ta sauka a maƙogwaro ba.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne, kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da meningokokas a maƙogwaronsa, yana yawonsa lafiya lau. Yawancin masu kamuwa daga irin waɗannan suke ɗauka, ba daga wanda ke kwance ba. Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jikin mutum, don haka ba sai an ƙona katifa ko an zubar da tufafi ba, wanki na yau da kullum ya wadatar.

Game da gwajin, ruwan laka na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha. Idan bakteriya ta shiga sai ka ɗaga kwalbar ka ga ya gurɓace, fararen ƙwayoyin jini sun cika shi, sukarinsa ya faɗi. Da an shafa shi a gilashi an rina an duba a madubin likita, cikin awa guda ana iya samun hasken wace ƙwaya ce, amma renonta har a tabbatar da sunanta da maganin da ke kashe ta yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Likita ba ya jiran wannan kafin ya fara magani, kuma idan alamu sun nuna meningokokas yana iya ba mutanen gida kariya tun sakamakon bai kammala ba.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara da cewa:

Ko an ba su maganin, ki sa musu ido har kwana goma, domin ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 10 bayan ɗauka, galibi wajen kwana na huɗu. Zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, yawan barci ko ruɗewa, jijjiga, ko hannuwa da ƙafafu su yi sanyi alhali jiki na zafi, kowanne daga ciki ya isa ki ɗauki yaro ki tafi, ko da tsakar dare ne. Kada ki ce sai wuya ya sanƙare, don wani lokaci ƙwayar jini take fara shiga ba ta taɓa wuyan ba, kuma wannan shi ya fi saurin kisa. Alamarsa wasu ɗigo-ɗigo ne ja ko shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fata, waɗanda idan kika danna gefen kofin gilashi a kansu ba sa ɓacewa. A baƙar fata suna da wuyar gani, sai ki duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Ga masu jarirai da ke karantawa, jariri ba ya nuna sanƙarewar wuya sosai, sai dai ya ƙi nono, ya yi kuka mai kaifi, jikinsa ya saki, maɗigarsa ta kumbura.

Yayarki kuwa ta ci gaba da jinyar ɗanta, ita ma a duba ko tana buƙatar maganin kariya. Bayan awa 24 da fara allurar da ta dace yaron ba ya yaɗa ciwon.

Wata uwa ta ce:

'Yar'uwa, na taɓa zama a kujerar da yayarki ke zaune yanzu. Ɗiyata tana da shekara uku ciwon nan ya kama ta, muka yi kwana goma sha huɗu a asibiti, aka sallame mu muna murna. Sai bayan watanni na lura idan na kira ta daga bayanta ba ta waiwayowa, idan tana sauraro kuma sai ta riƙa juyo da kunnen dama. Da aka gwada, kunnen hagu ya riga ya mutu. Babu wanda ya gaya mini a gwada jinta, ni ma ban san in tambaya ba. Ki gaya wa yayarki, kafin a sallame su ta nemi a rubuta musu gwajin ji cikin 'yan makonni, kuma kada ta yarda a katse alluran don ta ga ya tashi yana wasa. Batun farasitamol da kika ba shi kuma, ki daina zargin kanki, domin a awannin farko ciwon kama yake yi da kowane zazzaɓi, kuma da safiyar da kika ga wuyan kika kai shi.

Mai aikin gwaje-gwajen ya ƙara:

Abin da wannan baiwar Allah ta faɗa haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya yakan rasu, ɗaya cikin biyar kuma yakan tashi da wata matsala mai ɗorewa, kurmancewa na cikin waɗanda suka fi yawa. Idan za ki koma, ki tafi da katin rigakafin yaran. Akwai allurar Hib da ta numokokas a jerin rigakafin jarirai, akwai kuma ta meningokokas rukunin A da aka fara bayarwa a 2010, da sabuwa mai kare rukuni biyar da aka fara amfani da ita a 2024. Wanda ya samu ɗaya bai tsira daga sauran ba, shi ya sa ko yaron da aka yi wa rigakafi ake ba shi maganin kariya.

Mai neman shawara ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na je da yaran da katinsu. Likita ya ce meningokokas suke zargi, ya ba yaran da mahaifinsu da yayata magani, ni kuma aka yi mini allura ɗaya. Ragowar maganin ruwan na zubar da shi. Yaron ya buɗe ido da la'asar ya nemi ruwa, wuyan dai har yanzu bai saki ba, kuma yayata ta riga ta yi wa likita maganar gwajin kunne. Na lissafa kwana goman daga jiya, ma'aunin zafin jiki kuma yana nan kusa da gadon yaran.