An ce katamaran gudu gare shi, namu kuwa tafiyar raƙumi ya yi

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Sati biyu ke nan da dawowata Yamai, duk fadar da na zauna labarin teku ake tambayata, ni kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kanikancin injin jirgi nake yi a Dakar, wajen Hann, inda masu yawon duniya da jiragen ƙyalle suke yada zango. Wani Bature ya ɗauke ni in raka shi Mindelo, can Kap-Ber, don in kula masa da injunansa biyu. Jirgin katamaran ne, wato mai gangar jiki biyu, mita 14, irin siraran nan masu allunan da ake zurawa cikin ruwa. Tun kafin mu tashi yake cika baki wai mil 200 yake ci a kwana ɗaya. Tafiyar mil ɗari huɗu da ɗoriya ce, amma sai da muka yi kwana uku har da ƴan awoyi. Iska ba ta gaza ba, ƙulli 15 zuwa 18 ta gefen dama, irin ta hunturunmu ɗin nan, har ƙurarta muka tarar a Mindelo. Gudunmu kuwa da ƙyar yake kai ƙulli 6. Ga waɗanda ba su sani ba, ƙulli ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa, mita 1852 ke nan. Yanzu yana so in bi shi tsibirin Martinik, can ƙetaren tekun Atlantika, a Disamba. Wa ya taɓa hawa irin jirgin nan ya ga ya ƙi gudu? Laifin wa ne?

Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, faɗa mini abin da kuka loda. Shekara tara nake aikin shirya jirage da kai su ga masu su a La Roshel ta Faransa, kuma duk wanda ya zo mini da kukan nan, kaya nake fara tambaya.

Sirrin gudun jiragen nan abu biyu ne: rashin nauyi da siririn ciki. Katamaran samfurin Outremer 45 bai cika tan 9 ba in babu kaya, Lagoon 450 kuwa, da kusan tsawonsu ɗaya, yana wajen tan 15. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya ba ne, kowa da aikin da aka yi shi dominsa. Mai faɗin ciki in ka ɗora masa tan guda ba zai ji ba sosai, kamar ka ƙara buhu goma kan kamiyon da ya tashi Agadas. Siririn kuwa nan take zai nutse, gindinsa ya shige ruwa yana jan kumfa, daben da ya haɗa jikin biyu ya matso kusa da ruwa, igiyar ruwa ta yi ta dukansa daga ƙasa.

Na taɓa kai wani siririn irinsa tsibiran Kanari da mai shi. Da injin ɗaga jirgi ya ɗaga shi kafin mu tashi, ma'aunin ya nuna fiye da tan biyu da rabi kan abin da ke takarda. Mutumin ya rantse ba shi da komai ciki sai ƴan tufafi.

Ɗan Bukoki:
Yaya, ka sa na ji kunya. Firigo biyu, injin wanki, janareto, kwalaben nutso guda huɗu, bido 20 na gazuwal a ɗaure, tankunan ruwa cike fal, kwale-kwalen roba da moto mai doki 20 a rataye baya. Sarƙar anga mita 100. Littattafai kuma ba a magana. Dukan da ka ce, wallahi shi ya hana ni barci, kamar ana daka a ƙarƙashin gadona.

Ɗan Adar:
To ai ka amsa wa kanka. Sarƙa mai kaurin milimita 10, kowace mita ta haura kilo 2, ka ga fiye da kilo 200 ke nan a gaba, ga moto yana danne baya. Nauyin da ke can bakin gaba da can ƙarshen baya ya fi kowane muni, shi ke sa jirgi ya yi ta sallama kamar jaki mai gyangyaɗi, duk sallama ɗaya kuwa iska ce ke zubewa daga ƙyalle. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. In akwai na'urar tace ruwan gishiri, me ya kai ku cika tanki?

Harobanda:
Ni ɗan kallo ne a harkar nan, karatu ya kai ni Monpeliye. Amma La Grande-Motte na kusa da mu, can ake ƙera Outremer, can kuma ake bajekolin katamaran kowane Afrilu. Wani abokina da ke sitaj a tashar ya samar mini wuri a wani fitar gwaji. Iskar ba ta wuce ƙulli 12 ba, muka buɗe babban ƙyallen gaba mara nauyi, sai ga allo yana nuna 10, wani lokaci 11. Na yi ta murna, har na leƙa ciki: ba tukunya, ba katifar kirki, tanki kusan wayam, ruwa kwance kamar tabkin Madarunfa. Ina jin a irin ranar nan maigidanka ya sayi nasa.

Ƴar Wadata:
Sannunku. Ku duk gudu kuke nema, ni bari in ba ku labarin ranar da na samu gudun.

Girki nake yi a jiragen haya a Le Marin, Martinik ɗin da za ka, Malam. Sau ɗaya na tsallaka Atlantika cikin ayarin jiragen ƙyalle da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas a Nuwamba ya sauka Sent Lusiya, wajen mil 2700. Jirginmu mara nauyi ne da gaske, kaftin ɗin har buroshin haƙori yake ƙirgawa. Mil 200 a kwana muna yinsa, kuma ku lura, wannan na nufin ƙulli 8 da ɗan wani abu dare da rana ba tsayawa, ba 15 ɗin da ake ɗauka a bidiyo ba.

Dare na shida ina gadi da wani yaro, hadari ya taso mana daga baya. Ba mu gan shi ba, wata bai fito ba. Iska ta tashi daga 18 ta haura 30 kafin ka ce kwabo. Jirgi mai jiki ɗaya in iska ta yi masa yawa sai ya kwanta gefe, kwanuka su zube, kowa ya san lokacin rage ƙyalle ya yi. Katamaran ba ya gaya maka komai. Yana tsaye cak, shayina ko motsi bai yi ba, sai dai gudu. Na ga 19 a allo, hancin hagu yana nutsewa cikin igiyar ruwan da ke gabanmu. Kaftin ya fito ba riga, ya karkata jirgin ya bi bayan iska, ya saki igiyar babban ƙyalle, muka nannaɗe na gaba. Minti ashirin komai ya wuce. Da safe ya kai ni gaban wata takarda da ke manne kusa da sitiyari, wadda na ɗauka ado ce: iska kaza a rage kashi ɗaya, iska kaza a rage na biyu. Ya ce da lamba ake rage wa jirgin nan ƙyalle, ba da jin jiki ba. Shi ya fahimtar da ni cewa in iska ta tashi daga 15 zuwa 21, ƙarfin da take danna ƙyalle ninki biyu ya zama. Kuma irin wannan in ya kife, ya kife ke nan, ba ya tashi da kansa.

Daga ranar kullum magariba sai mun rage. Mun yi asarar ƴan mil, amma an ci tuwon shinkafa a zaune.

Baba Gamkalle:
Ƴaƴana, ban taɓa ganin teku ba, amma na yi shekara talatin ina gyaran moton jirage a bakin Isa. Jirgin kabewa in ya sauko ya doshi gadar Kennedy, tun daga nesa nake sanin wanda ya yi haɗama: bakinsa saura taƙi ɗaya da ruwa, moto na kuka, tafiya babu. Sai ya zo ya ce mini moto ya lalace. Kai Ɗan Bukoki, ka duba ƙarƙashin jirgin kuwa? Kanikanci ba a cikin inji kaɗai yake ba.

Ɗan Bukoki:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban duba ba. Wata huɗu jirgin ya yi a Hann bai motsa ba, ruwan wurin kuma kowa ya san yadda yake. Sai a Mindelo na nutsa na ga gansakuka da ƙananan katantanwa sun yi masa riga. Farfelolin ma ba masu naɗewa ba ne, biyu suna jan ruwa kamar an ɗaura guga.

Ɗan Adar:
Baba ya riga ni. Wannan kaɗai zai iya cinye ƙulli guda.

Saura maganar alluna, tunda hanyar Martinik iska a bayanku za ta kasance, wajen mil 2100 daga Mindelo. Amfaninsu in ana haurawa gaban iska ne, su hana jirgi zamewa gefe. In iska na baya, a ɗage su, a bar ɗan kaɗan don matuƙin lantarki, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya samu abin riƙewa. In teku ta yi muni ta gefe, allon ɓangaren da iska ke tura jirgi zuwa gare shi, shi ake fara ɗagewa, gara jirgi ya zame da ya yi tuntuɓe a kansa.

Kuma kada ku miƙe sak iska na bugun ƙeya. Ka san in kana kan babur, ko iska ta gefe take, da ka ƙara wuta sai ka ji ta a fuska. Haka jirgin nan yake, gudunsa na jawo iska gaba. In kun ɗan karkace kuna saƙa hanya hagu da dama, tafiyar ta fi tsawo amma kun fi saurin isa. Da sharaɗi fa: jirgi mara nauyi. Da lodinku na yanzu, karkacewar wahala ce kawai, gara ku buɗe ƙyallen gaba ku miƙe.

Ƴar Wadata:
Ka tambaye shi ko takardar rage ƙyalle na nan, in babu ku rubuta kafin ku tashi. Ka tafi da yaji da kilishi, sati biyu na taliya ba wasa ba ne.

Ɗan Bukoki:
Na kira shi jiya da dare. Ya yarda za a kankare ƙasan jirgin, a sayar da janareto da rabin bidunan, a rage sarƙa zuwa mita 60. Farfela ya ce sai ya ga kuɗinta. Injin wanki kuwa, uwargida ta karɓi wayar ta ce in an sauke shi ita ma a sauke ta.